Shafe a kan metal: abin da ya faru da injin S65 na BMW M3

Idan aka sauke kaskon mai na ƙarƙashin injin BMW M3 irin wadda aka ƙera tsakanin 2007 da 2013, aka zaro metal ɗin kwanrod aka jera a kan tebur, guda goma sha shida za a ƙirga: takwas na sama, takwas na ƙasa. Kowannensu rabin zobe ne da bai cika tafin hannu ba, yana zaune tsakanin wuyan karanshaf da kwanrod, sandar da ke haɗa fistin da karanshaf ɗin. Masu gyaran irin wannan mota a Amurka da Turai sun saba jera su layi biyu su ɗauki hoto, kuma yawancin hotunan labari ɗaya suke bayarwa. Layin ƙasa yakan fito da dama-dama. Layin sama kuwa, a tsakiyar kowane rabin zobe za ka ga wurin da launin toka ya goge, wani wurin har jan tagulla ya leƙo, kamar tsohon kwabo da hannu ya cinye.

Wannan jan ne ya hana masu motar barci sama da shekara goma. Shi ne kuma ya buɗe kasuwar magunguna iri-iri, cikinsu har da wanda ya ja ni rubutun nan: yi wa fuskar metal shafe na musamman, baƙi ko toka-toka, da aka ce yana rage goguwa. Na daɗe ina bin wannan lamari, domin ban san wani inji da ya fito da amfanin shafen da iyakarsa ƙarara kamar wannan ba.

Injin da kansa

Sunansa S65. Silinda takwas ne a jere biyu, girmansa lita huɗu, ƙarfinsa doki 420 a lissafin Jamusawa, kuma babu turbo a jikinsa. Duk ƙarfin daga gudu yake fitowa, don yana kai juyi 8,400 a minti. Ƙanen S85 ne, wato injin M5 mai silinda goma wanda ya fito a 2005. Faɗin silindarsu ɗaya, tsawon tafiyar fistin ɗaya, metal ɗin kwanrod ma iri ɗaya suke sha. Shekara biyar a jere, daga 2008 zuwa 2012, S65 yana lashe kyautar injin shekara ta duniya a ajin lita uku zuwa huɗu. Wanda ya taɓa jin kukansa a saman gudu ya san ba a banza aka ba shi ba.

Juyi 8,400 a minti yana nufin karanshaf na zagayawa sau 140 a daƙiƙa ɗaya. Wuyan karanshaf ɗin da kwanrod ke riƙewa kaurinsa milimita 52 ne. Idan ka buga lissafi, fuskar wuyan tana wuce fuskar metal da gudun da ya haura kilomita 80 a awa, alhali kowane juyi biyu fistin na sauko mata da naushin wuta daga sama. Abin da ke tsakaninsu kuwa ɗan baƙin mai ne wanda ido ba ya iya ganin kaurinsa.

A nan ne mutane da yawa suke kuskure, har da wasu makanikai da suka daɗe a sana'ar. Suna ɗauka karanshaf a kan metal yake kwance yana gogawa, mai kuma yana rage zafi ne kawai. A'a. Idan inji na tafiya daidai, ƙarfen biyu ba sa taɓa juna sam. Juyawar wuyan ce ke jan mai ta cusa shi cikin wurin da tazarar ta tsuke, man ya matsu, matsin ya ɗaga wuyan ya riƙe shi a sama. Wani injiniya ɗan Ingila, Beauchamp Tower, shi ya ci karo da wannan a 1883 yana gwaji a kan boris irin na jirgin ƙasa. Ya huda rami a saman boris ɗin, mai ya riƙa ɓulɓulowa. Ya toshe da toto, man ya ture shi, ya sa katako, shi ma ya ture. Bayan shekara uku Osborne Reynolds ya fitar da lissafin abin. Famfon mai aikinsa kawo mai bakin ƙofa ne; matsin da ke ɗaukar nauyi, wuyan ne ke haɗa abinsa da kansa.

Saboda haka goguwa tana da lokutanta sanannu. Akwai lokacin tayar da inji, kafin wuyan ya yi gudun da zai hau kan mai. Akwai lokacin kashewa. Akwai lokacin da mai ya yi zafi ya tsinke, ko ya yi sanyi ya ƙi gudu, ko datti ya shiga tsakani. Duk wani shafe da ake yi wa metal, don waɗannan lokutan aka yi shi.

Shi kansa metal ɗin da motar ta fara fitowa da shi hawa-hawa ne. Bayansa ƙarfe ne mai tauri. A kansa akwai hawa na tagulla da aka gauraya da dalma, wanda shi ke ɗaukar nauyi. Sai wani siririn shinge na nikel, sannan fuska ta ƙarshe mai laushi ta dalma da kuza, wadda a irin waɗannan metal kaurinta ba ya wuce maikiron 12 zuwa 20 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Silin gashin mutum kusan maikiron 70 ne, ka ga ko rubu'insa da ƙyar ta kai. (Dalmar da nake nufi ita ce mai nauyin nan ta cikin batirin mota, ba wadda maƙera ke zuba tukunya da ita ba.) Wannan fuskar ita ce shafen asali. An yi ta da laushi da gangan don ta haɗiye ƙwayar datti ta binne, ta kuma lanƙwasa ta bi siffar wuyan idan akwai ɗan karkata. Ita ake so ta ci wuya a madadin karanshaf, domin metal kuɗinsa kaɗan ne, karanshaf kuwa kuɗinsa ya isa a yi zaman shawara a gida. Ganin ta ɗan goge ba abin tashin hankali ba ne. Ganin tagulla kuwa yana nufin garkuwar ta ƙare, saura ƙarfe mai tauri da ƙarfe mai tauri.

Tazarar da ta zama abin gardama

Da injuna suka fara bugawa jifa-jifa, wasu tun ba su yi nisan tafiya ba, masu haɗa injin tsere suka ɗauko ma'auni. Abin da suka riƙa samu tsakanin wuyan da metal yana wajen maikiron 35 zuwa 38. Tsohuwar ƙa'idar da masu ƙera metal ke bayarwa kuwa mai sauƙi ce: a bar tazarar da ta kai kusan kashi ɗaya cikin dubu na kaurin wuyan, a ɗan ƙara idan injin na gudu ne. Wuyan milimita 52 ke nan yana neman abin da ya kai maikiron 50 ko ya ɗara. Abin da aka auna ya gaza haka da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Tsukakkiyar tazara ita kaɗai ba laifi ba ce. Injunan zamani da yawa haka ake haɗa su, don tana baza nauyi a faɗin metal, tana rage ƙara, tana kuma rage man da famfo zai tura. Amma irin waɗannan injuna mai tsinkakke suke sha, kamar 0W-20 ko 5W-30. S65 kuwa an ce a zuba masa 10W-60 na Castrol, man da a zafin digiri 100 ya ninka 5W-30 kauri wajen sau biyu, da sanyin safiya kuma sai ka ga yana zuba kamar zuma. Ƙofa tsukakkiya, mai kuma mai kauri: abin da ke ratsawa yana raguwa, kuma man da ke ratsawa shi ke kwashe zafi daga fuskar metal. Ƙara da cewa kwamfutar motar takan bar mai ya yi tafiyar da ta kai mil 15,000, wato kimanin kilomita 24,000, kafin ta nemi a juye.

Ba kowa ya yarda da wannan bayani ba, har gobe. Wasu sun ɗora laifin a kan direbobin da ke take mota tun mai bai yi ɗumi ba, suna nuna cewa agogon juyin injin ma yana da jan layi mai motsi, wanda ke farawa daga ƙasa ya riƙa hawa yayin da mai ke ɗaukar zafi. Wasu sun ce sa'a ce ta haɗuwar kaya: a ma'aikata, wani wuyan yakan fito a babban gefen awo, metal ɗinsa ma ya fito a mai kauri, sai tazarar wannan silinda ta fi ta sauran tsukewa. Gaskiya ne kuma akwai injuna da yawa da suka yi doguwar tafiya da metal ɗinsu na asali lafiya lau. A nawa ganin, bayanin haɗuwar kaya shi ya fi dacewa da abin da ake gani, don shi ne ke fayyace yadda motoci biyu masu shekaru ɗaya, ɗaya ta buga ɗaya ta tsira. Amma shi ma komawa yake ga magana ɗaya: idan tsakiyar awonka ya riga ya matso bango, kuskure kaɗan ya isa ya haɗa ka da shi.

Kamfanin ya taɓa kiran motocin M3 na zubin da ya gabata, masu injin S54, a farkon shekarun 2000 ya canza musu metal. A kan S65 bai yi irin wannan kira ba, maganar har ta kai kotu a Amurka. Masu motar dai suka yanke wa kansu hukunci: a canza metal tun kafin a ji ƙara, galibi tsakanin mil 60,000 da 80,000.

Da dalma ta fita

Ana cikin haka doka ta shigo. Tarayyar Turai tana da dokar shekarar 2000 kan motocin da suka gama aiki, wadda ta hana dalma a kayan mota, amma ta ɗaga wa metal ɗin inji ƙafa zuwa 1 ga Yuli, 2011. A wajen wannan lokaci BMW ta sauya metal ɗin S65 zuwa na alminiyam da kuza, marar dalma. Masu motar suna bambanta su da lambobin ƙarshe na kayan: tsohon 088 da 089, sabon 702 da 703.

Dokar tana da hujjarta, don dalma guba ce, mu da muka ga abin da ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani. Sai dai ga mai mota, sauyin ya tafi da wani abu mai daraja. Da, idan ka juye mai, kana iya ɗibar kaɗan a kwalba ka aika ɗakin gwaji, irin Blackstone da ke jihar Indiana, su gaya maka yawan dalma da tagullar da ke ciki. A inji mai shan fetur marar dalma, kusan babu inda dalma za ta fito sai daga metal, don haka hawanta daga juyi zuwa juyi gargaɗi ne bayyananne. Sabon metal ya rufe wannan tagar, saboda alminiyam yana fitowa daga fistin da jikin inji ma, ba ka iya cewa ga inda ya taso. Ga shi kuma ya fi tsohon tauri, ba ya haɗiye datti kamar dalma. Mutane suka ƙara ƙaimi wajen neman abin da zai zauna tsakanin wannan fuska mai tauri da karanshaf.

Shigowar shafe

Shafen da ake magana busasshen man shafawa ne. Ana ɗaukar garin abubuwa masu santsi, kamar wani ma'adini da ake kira moli, da girafayit, wato baƙin abin rubutun da ke cikin fensir, da Teflon irin wanda ke hana abinci kama kasko, a dama su cikin wani danƙo mai jure zafi, a fesa a fuskar metal, a gasa a tanda. Masu injin tsere a Amurka sun daɗe da saninsa. Kamfanin Calico yana da nasa mai suna CT-1, Clevite kuma yana da TriArmor. Amfaninsa na gaskiya ne, kuma ba ni da shakka a kai. Idan siririn man da ke tsakani ya yanke na ɗan lokaci, wuyan zai sauka a kan abu mai santsi wanda ba ya narkewa ya manne da ƙarfe. Yana riƙe ɗan mai a jikinsa bayan an kashe inji, don haka tashin safe yana zuwa da sauƙi. A motar tsere da mai ke guduwa gefe ɗaya na kasko a kwana, daƙiƙa biyu na irin wannan kariya kan raba inji mai rai da gawa.

Dabarar farko da ta zo wa mutane ita ce mafi sauƙi: a sayi metal ɗin kamfani, a aika a yi masa shafe, a ɗaura. Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne kaurin shafen. Masu yin sa ba su ɓoye ba: wajen maikiron 6 zuwa 8. Kamar ba komai. Amma metal biyu ne suka kewaye wuyan, na sama da na ƙasa, kowanne da nasa shafen, don haka abin da ya fita daga tazarar maikiron 12 zuwa 16 ne. Cire wannan daga 35 ko 38, abin da ya rage bai fi ashirin da 'yan kai ba. Injin da ake kuka tazararsa ta yi kaɗan, an sake yanke masa kusan sulusinta ko fiye da sunan magani. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Wannan wurin ne ya fi ci mini rai a duk labarin, domin ba ilimi mai zurfi ake buƙata ba, ragi ne irin na 'yan aji uku. A injin tsere da ake haɗawa daga tushe, mai haɗawa yana da karanshaf a hannu: zai auna, ya zaɓi metal mai ƙarin sarari ko ya sa a goge wuyan kaɗan, shafen ya samu wurin zama. Masu M3 kuwa daga ƙasa ake yi musu aikin, inji na cikin mota, an sauke gadon gaba an cire kasko, karanshaf yana inda yake. Wuyan ba ya canzawa. Duk abin da ka ƙara a fuskar metal, daga rabon mai ka ɗebo shi.

Masu kare wannan hanya suna cewa shafen yana da laushi, zai goge a inda ya yi yawa ya daidaita kansa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don yakan yi sheƙi ya lafa a wuraren da suka fi tudu. Amma kafin ya lafa, man da ke ratsawa ya ragu a daidai lokacin da sabon metal ke neman zama. In kuwa ya goge gaba ɗaya a inda nauyi ke sauka, to ka koma inda ka fito, kuɗinka kuma ya tafi.

Wasu suka kauce wa matsalar ta bin hanyar WPC, wata fasaha ta Japan. Ita ba ta ɗora komai a kan ƙarfe. Ana harba wa fuskar ƙwayoyi ƙanana ƙwarai da gudu mai tsanani, su bar ta da ramuka da ido ba ya gani, waɗanda ke riƙe mai, su kuma ƙara wa fatar ƙarfen ƙwari. Tunda ba ta ƙara kauri, tazara ba ta raguwa. Sai dai ba ta ƙaruwa yadda za a ce an warware matsala. Ta fi shafe a kan metal ɗin kamfani hankali, iyakarta ke nan.

Gyaran da ya zauna ya zo ne da aka juya tambayar. Maimakon a ce me za a shafa wa wannan metal, sai aka ce wane metal ya kamata a ƙera. Wasu daga cikin waɗanda suka yi aunen farko suka sa Clevite ya ƙera musu sabo da sunan BE Bearings: mai hawa uku irin na da, an rage kaurin jikinsa don tazara ta haura maikiron 50, sannan aka ɗora shafen a kai, kaurinsa na cikin lissafi tun daga zane. ACL na Ostareliya yana da nau'i biyu, H mai awon asali da HX mai ƙarin maikiron 25, kuma masu gyara kan haɗa ɗaya daga nan ɗaya daga can a kwanrod guda don su samu rabin ƙarin. Kamfanin King ma ya fitar da nasa. Abin lura shi ne, a cikin waɗannan akwai mai shafe akwai marar shafe, kuma dukansu sun samu karɓuwa. Abin da ya haɗa su shi ne sarari.

Manyan masu ƙera mota ma sun rungumi shafen folima, wato na danƙo dangin roba, kuma yadda suka yi shi ya ƙara fito da maganar. Da aka fara yin motocin da ke kashe kansu a danja su tashi idan an saki birki, masu ƙera metal suka lissafa cewa injin da a da zai tashi kamar sau 50,000 a rayuwarsa, yanzu zai iya kai sau 500,000. Kowane tashi kuwa goguwa ce. Federal-Mogul ya fitar da IROX, shafe mai launin jan ƙasa wanda aka yi da danƙon folima, da garin tsatsar ƙarfe mai laushin gaske, da busasshen mai a ciki. Mahle da wasu suna da irin nasu. A manyan injunan dizal kuma akwai wata hanya da ake feshin alminiyam da kuza ƙwaya-ƙwaya a ɗakin da aka zuƙe wa iska, a samu fuska mai ɗaukar nauyin da dalma ba za ta iya ba. Sau da yawa a metal na sama kaɗai ake sa ta, inda naushin yake sauka. A duk waɗannan, injiniya ya san kaurin fuskar kafin a yanka ƙarfen bayanta. Babu wanda ya zo daga baya ya liƙa.

Yadda ake aikin yanzu

Gareji mai kula, idan M3 ta shigo canjin metal, yana duba wuyan kowane silinda da ido da farce, ya tabbata babu zane. Yana sa sabbin notunan kwanrod, don na kamfani irin masu miƙewa ne idan an ɗaure, ba a maimaita su. Wasu kan sa na kamfanin ARP. Yana ɗaurewa da sifana mai ma'auni bisa matakan da aka rubuta, domin ƙarfin ɗauri yana canza zagayen ramin, tazara kuma ta bi shi. Wasu suna shimfiɗa siririn zaren roba na awo a kan wuyan su ɗaure su kwance, faɗin da ya baje ya nuna sararin da ke ciki. Ba a taɓa fuskar shafe da samfefa ko wani abu mai kaushi, tsumma mai tsabta kawai da man haɗi. Mai motar kuma a gaya masa ya rage nisan juyen mai, ya kuma bar allurar zafin mai ta motsa kafin ya taka.

Irin wannan mota ba ta da yawa a titunanmu, amma metal mai shafe ya fara shigowa cikin kwalaye, kuma na ga yadda ya sauka a hannun wanda bai san shi ba. Wani abokina ya yi odar sa daga waje don wata motarsa ta daban da aka sauke wa inji, ya roƙe ni in leƙa garejin. Makanikin dattijo ne, hannunsa ya san inji fiye da yadda na san shi a takarda. Na same shi zaune a kan benci, ya ɗaura kwanrod biyu, yana juya karanshaf da hannu biyu yana yamutsa fuska. Yaronsa na tsaye da guntun samfefa.

Ya ɗago rabin zobe ɗaya ya nuna mini baƙin fuskar. "Malam, wannan fentin ne ya riƙe shi. Bari yaro ya ɗan wanke shi, yanzu za ka ga ya saki."

Na ce, "Baba, a yi mini haƙuri kaɗan. Fentin nan shi aka saya da tsada. Mu auna tukuna."

Ya yi shiru, sannan ya ce shi shekara talatin yana ɗaura metal da jin hannu, kuma hannunsa ya gaya masa wannan ya matse. Gaskiyarsa ce, ya matse ɗin. Hannun bai yi ƙarya ba, maganin ne muka saɓa a kai. Muka aika aka aro maikiromita da ma'aunin rami mai agogo daga wurin masu gogar karanshaf. Wuyan da aka goge ya fito a babban gefen awonsa, ga shafe sama da ƙasa, abin da ya rage wa mai bai kai rabin abin da littafin injin ya nema ba. Da an goge shafen da samfefa, karanshaf zai saki, amma da fuska mai tudu da kwari da ƙwayoyin yashi binne a cikinta. Da an ɗaura a haka an tayar, zafi ne zai yi aikin samfefar.

Baba ya karɓi ma'aunin ya juya shi a hannu, ya sa yaron ya zo ya ga yadda allurar ke motsi. Aka mayar da karanshaf wurin masu goga da lambar da ake so a rubuce a jikin kwali, suka ɗan sassauta wuyan. Bayan kwana uku aka sake ɗaurawa, aka auna kowane silinda ɗaya bayan ɗaya, yaron na rubuta lambobin da alli a jikin bango. Da aka ɗaure noti na ƙarshe, Baba ya sa hannu ɗaya ya juya karanshaf ɗin, ya tafi sumul, baƙin shafen yana nan yadda ya zo daga kwali.